NAZARI: Rasha da Tarayyar Turai, maƙwabtan da suka raba gari kan wanda zai yi alƙalancin haƙƙin ɗan'adam

Ranar 5 ga Fabrairun 2021, babban jami'in harkokin waje na Tarayyar Turai a wancan lokaci, Josep Borrell, ya tsaya kusa da ministan harkokin wajen Rasha, Sergei Lavrov, a gaban 'yan jarida a birnin Mosko. Kwana uku kafin ranar, wata kotu ta aika jagoran 'yan adawa Alexei Navalny gidan yari, kuma saƙon da Borrell ya ɗauko shi ne a sake shi. Lavrov bai ɓata lokaci wajen kare hukuncin ba. Ya ce Tarayyar Turai abokiyar hulɗa ce da ba a dogaro da ita, sannan ya tuna wa baƙonsa shugabannin yankin Kataloniya da Sifaniya ta ɗaure saboda ƙuri'ar ɓallewa ta 2017, alhali ya san Borrell ɗan Kataloniya ne. Tun baƙon bai bar garin ba, Rasha ta sanar da korar jami'an diflomasiyya uku na Jamus da Polan da Suwidin, bisa zargin sun halarci zanga-zangar magoya bayan Navalny.

Abin lura a wannan arangama shi ne babu wanda ya ce haƙƙin ɗan'adam shirme ne. Kowane ɓangare ya yi magana da sunansa. Saɓanin da ya fi shekara 70 yana bin waɗannan maƙwabta ya ta'allaƙa ne a kan tambaya guda: idan gwamnati ta zalunci ɗan ƙasarta, wa ke da hurumin tuhumarta? Brussels, hedikwatar Tarayyar, na ganin maƙwabci da kotun ƙetare suna da ta cewa. Mosko na ganin wannan katsalandan ne a cikin gidan wani, kuma makami ne da ake zarowa kawai idan an so a ƙuntata wa abokin hamayya.

Cinikin Helsinki

Tushen gardamar ya girmi Vladimir Putin a mulki, ya girmi Tarayyar Turai kanta. A ranar 10 ga Disamban 1948, lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da kundin haƙƙin ɗan'adam na duniya, ƙasashe 48 suka goyi baya, 8 suka ƙaurace wa ƙuri'ar, cikinsu har da Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta. A zamanin yaƙin cacar baka Sobiyet ta riƙa fifita aikin yi da muhalli da ilimi da magani kyauta, Yamma kuma ta riƙa fifita 'yancin magana da zaɓe da shari'ar adalci. Wannan rabuwa na cikin abin da ya sa a 1966 aka rubuta yarjejeniyoyi biyu daban maimakon ɗaya.

A Agustan 1975 ƙasashe 35 suka sa hannu kan yarjejeniyar Helsinki, wadda a zahiri ciniki ce. Leonid Brezhnev na son Yamma ta amince da iyakokin da yaƙin duniya na biyu ya bari a Turai. Yamma ta ce to, amma sai an saka batun haƙƙin ɗan'adam. A cikin ƙa'idoji goma na takardar, ta shida ta hana shisshigi a harkokin cikin gida, ta bakwai kuma ta wajabta mutunta 'yancin mutane. Tun daga ranar kowane ɓangare yake karanta wadda ta yi masa daɗi. Shugabannin Sobiyet sun ɗauka sun ci riba har suka buga takardar gaba ɗayanta a jaridun gwamnati. Sai ga wasu 'yan ƙasar, ƙarƙashin masanin kimiyya Yuri Orlov, sun kafa ƙungiyar Helsinki ta Mosko a 1976 domin bibiyar ko gwamnatinsu na cika abin da ta sa wa hannu. Sakayyar Orlov ita ce hukuncin shekara 7 a sansanin gwale-gwale.

Akwai ɗan lokacin da aka zaci gardamar ta mutu. A Oktoban 1991, a cikin birnin Mosko, ƙasashen da ke cikin tsarin Helsinki suka amince cewa batun haƙƙin ɗan'adam ya shafi dukkansu kai tsaye, kuma ya wuce a kira shi harkar cikin gida ta ƙasa ɗaya. A kan wannan fahimta aka ɗora yarjejeniyar ƙawance da Boris Yeltsin ya sa wa hannu da Tarayyar Turai a tsibirin Corfu a 1994, wadda sashe na 2 nata ya sanya mutunta dimokuraɗiyya da haƙƙin ɗan'adam cikin ginshiƙan dangantakar. Don haka idan jami'an Rasha suka ce a yau an ƙaƙaba musu aƙidar baƙi, sa hannun ƙasarsu na nan a rubuce yana jiran bayani.

Ƙofar Strasbourg

A nan akwai buƙatar a rarrabe abu biyu da sau da yawa ake cakuɗawa. Tarayyar Turai ƙungiya ce ta ƙasashe 27, kuma Rasha ba ta taɓa zama mamba a cikinta ba. Majalisar Turai kuwa, wadda aka kafa a 1949, ƙungiya ce daban mai mambobi 46 a yanzu, ita ce ke da Kotun Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai da ke birnin Strasbourg na Faransa. Rasha ta shiga wannan majalisa a ranar 28 ga Fabrairun 1996, ana tsakiyar yaƙin Checheniya na farko, kuma daga Mayun 1998 kowane mutumin da ke ƙarƙashin ikonta ya samu damar kai ƙarar gwamnati Strasbourg idan kotunan gida sun gaza masa.

Waɗanda suka bi ta wannan ƙofa yawancinsu ba manyan 'yan siyasa ba ne. Hukuncin farko da kotun ta yanke wa Rasha, a 2002, na Anatoliy Burdov ne, ɗaya daga cikin waɗanda aka tura aikin share gubar tashar nukiliya ta Chernobyl. Lafiyarsa ta taɓu, kotunan Rasha suka ce a biya shi haƙƙinsa, hukumomi suka yi ta jan ƙafa da cewa babu kuɗi. Ƙararsa ta biyu ta kai ga Rasha ta yi doka a 2010 ta biyan diyya ga wanda aka ja wa rai a shari'a ko aka ƙi zartar masa da hukunci. A Fabrairun 2005 aka fara yanke hukunci kan Checheniya, daga nan kuma suka biyo baya har sama da 200: iyaye mata, Musulmi talakawa, waɗanda sojoji suka ɗauke wa 'ya'ya da dare ba a sake ganinsu ba. A 2017 kotun ta ce Rasha ta yi sakaci da rayuka a harin makarantar Beslan na 2004, inda mutum fiye da 330 suka mutu, fiye da rabinsu yara. A 2019 ta goyi bayan Valeriya Volodina, wadda ta yi ta kai ƙorafin dukan tsohon abokin zamanta 'yan sanda suna kau da kai.

Shekaru da dama Mosko ta bi wata dabara mai sauƙi: ta biya diyyar, ta ƙi binciken. Mahaifiya a Grozny za ta karɓi kuɗi, amma jami'in da ya ɗauke mata ɗa yana nan a bakin aikinsa. Duk da haka takardar hukuncin na da nauyinta. Ita ce kaɗai wurin da wata hukuma ta rubuta cewa abin ya faru, kuma ta faɗi wanda ya aikata.

Daga 2015 ne aka fara janye ƙofar a hankali. A watan Yuli na shekarar Kotun Tsarin Mulkin Rasha ta ce kundin ƙasar na gaba da hukuncin Strasbourg, a Disamba kuma majalisar dokoki ta ba ta ikon ayyana hukuncin ƙetare a matsayin wanda ba zai zartu ba. Ta fara amfani da ikon a 2016 kan 'yancin fursunoni na yin zaɓe, sannan a Janairun 2017 ta ce ba dole ba ne a biya masu hannun jarin kamfanin mai na Yukos diyyar kusan Yuro biliyan 1.9 da Strasbourg ta yanke. Gyaran kundin tsarin mulki na 2020 ya mayar da wannan matsayi doka mafi girma. Alƙalan Rasha ba su rasa madafa ba wajen kafa hujja: sun nuna cewa kotunan Jamus da Italiya ma sun taɓa fifita kundinsu, Birtaniya kuma ta shafe fiye da shekara 10 tana ƙin aiwatar da hukuncin 2005 kan zaɓen fursunoni. Bambancin shi ne waɗancan sun yi gardama kan hukunci ɗaiɗai, Rasha kuwa ta ƙera mabuɗin da zai kulle kowane hukunci.

Laifi tudu ne

Hujjojin Mosko ba duka ne na banza ba, kuma wannan ne ya sa suke samun kasuwa a wajen Turai. Daga 2011 ma'aikatar harkokin wajen Rasha ta fara fitar da nata rahotanni kan take haƙƙi a Amurka da ƙasashen Turai. Ta daɗe tana ɗaga batun masu jin Rashanci a Latbiya da Estoniya waɗanda aka bari ba su da shaidar zama 'yan ƙasa bayan rugujewar Sobiyet. A Latbiya kaɗai sun kai kimanin 700,000 a tsakiyar shekarun 1990, kuma waɗanda suka rage a wannan matsayi, ƙasa da 200,000, har yau ba sa kaɗa ƙuri'a. Tana kuma tuna wa duniya ruwan bama-baman da ƙungiyar NATO ta yi wa Yugoslabiya a 1999 ba tare da izinin Kwamitin Sulhu ba, da yadda ƙudurin kare fararen hula a Libiya a 2011, wanda Rasha ta bari ya wuce, ya rikiɗe ya zama kifar da gwamnatin Gaddafi.

Batun baƙin haure ya ƙara wa Turai nauyi. A Maris na 2016 Tarayyar ta yi wa Turkiyya alƙawarin Yuro biliyan 6 domin ta tare 'yan gudun hijira. A 2017 Italiya ta ƙulla yarjejeniya da Libiya, inda masu gadin teku ke mayar da mutane wuraren tsarewar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta sha bayyana azabtarwar da ake yi a cikinsu. A 2021 Polan ta riƙa tura masu neman mafaka su koma dajin iyakarta da Belarus, a 2024 kuma Finlan, mai iyakar kilomita 1,340 da Rasha, ta yi dokar da ta ba da damar ƙin karɓar masu neman mafaka a kan iyakar. Ƙasashen biyu sun ce Minsk da Mosko ne ke turo mutanen da gangan, kuma akwai shaidun da ke nuna haka, sai dai wanda sanyi ke kashewa a dajin ba shi ya tsara makircin ba. Da yaƙin Yukiren ya ɓarke, cikin 'yan kwanaki Tarayyar ta buɗe ƙofa ga 'yan ƙasar, waɗanda sama da miliyan 4 suka samu mafaka, a daidai lokacin da ɗaliban Afirka, har da 'yan Najeriya, ke kokawa kan yadda ake mayar da su ƙarshen layi a kan iyaka. Sai kuma Gaza. Yarjejeniyar Tarayyar da Isra'ila na ɗauke da irin wancan sashe na 2, kuma binciken da ofishinta na harkokin waje ya yi a Yunin 2025 ya gano alamun an saɓa masa, amma ƙasashen suka kasa cimma matsaya ɗaya kan dakatar da ita. Rasha kuwa an jera mata takunkumi zagaye fiye da 15.

Duk wannan gaskiya ne. Abin da ya kamata a duba shi ne me Mosko ke yi da gaskiyar. Ba ta taɓa kafa hujja da ita domin a ƙara wa kotun ƙarfi ta yadda za ta kamo Polan da Italiya ba, alhali kotun ta taɓa kama Italiya da laifi a 2012 kan mayar da baƙin haure Libiya. Tana amfani da ita ne domin a daina tambayar kowa. Kuma ƙasar da ke kukan katsalandan ita ce ta shiga Jojiya a 2008, ta ƙwace Kirimiya a 2014, ta mamaye Yukiren a 2022, kowane karo da sunan kare masu jin Rashanci ko masu ɗauke da fasfonta. A Maris na 2022 Kotun Duniya da ke Hague ta ce ba ta da wata shaida a gabanta da ke tabbatar da kisan ƙare dangin da Rasha ta yi iƙirarin ana yi a yankin Donbas.

Ɗaya fagen dagar shi ne na al'ada. A 2009 da 2011 da 2012 Rasha ta jagoranci ƙudurori kan “al'adun gargajiya” a Majalisar Haƙƙin Ɗan'adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙasashen Turai suka ƙi, yawancin ƙasashen Afirka da na Musulmi da ke zauren suka goyi baya. A 2013 ta yi dokar hana tallata luwaɗi da maɗigo ga yara, wadda Strasbourg ta ce a 2017 ta saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki. Wannan matsayi ya saya wa Putin farin jini a wurare da dama, kuma kotun Strasbourg ba ta taimaki kanta a idon Musulmi ba lokacin da ta amince wa Faransa haramta niƙabi a 2014. Amma kariyar addini da al'ada a Rasha tana da iyaka, kuma gwamnati ce ke shata ta. A 2016 an haramta majalisar wakilan Tatar na Kirimiya, al'ummar Musulmi da Stalin ya taɓa kwashewa gaba ɗaya a 1944. A 2017 Kotun Ƙoli ta haramta Shaidun Jehobah. Shekarar ce kuma aka sassauta hukuncin dukan iyali karo na farko, daga laifin da ake ɗauri a kansa zuwa wanda tara ko ɗan gajeren tsarewa ke wadatarwa.

Iskar gas da shirun Turai

Turai ba ta isa ta ce ba ta ga abin da ke tafe ba. Daga 2005 zuwa 2013 ɓangarorin biyu sun riƙa zama sau biyu a shekara domin tattauna haƙƙin ɗan'adam, amma Rasha ta ƙi karɓar baƙuncin zaman a ƙasarta, ta kuma taƙaita wakilanta ga jami'an diflomasiyya, ban da na ma'aikatun da ke riƙe da 'yan sanda da gidajen yari. A cikin waɗannan shekaru ne aka harbe 'yar jarida Anna Politkovskaya a 2006, Sergei Magnitsky ya mutu a tsare a 2009, aka yi dokar yi wa ƙungiyoyi laƙabin “wakilan ƙetare” a 2012. Ciniki kuwa bai tsaya ba. Gerhard Schröder ya ga an sa hannu kan bututun Nord Stream a 2005, makonni kaɗan bayan ya sauka daga shugabancin gwamnatin Jamus ya karɓi kujera a kamfanin. Faransa ta sa hannu kan sayar wa Rasha jiragen ruwan yaƙi samfurin Mistral a 2011, shekara uku bayan yaƙin Jojiya, kafin ta soke cinikin a 2015. A 2015 ɗin ne kuma, shekara guda bayan Kirimiya, aka ƙulla Nord Stream na biyu. Zuwa 2021 fiye da kashi 40 cikin 100 na iskar gas da Tarayyar ke shigowa da ita daga Rasha take. Mai sayen wuta a gidan maƙwabci ba ya ɗaga masa murya da yawa, kuma fadar Kremlin ta karanci hakan daidai.

Wani abu da ya faru a 2019 ya fallasa wuyar lamarin. Majalisar Turai ta dakatar da wakilan Rasha daga kaɗa ƙuri'a a zaurenta tun 2014, Rasha ta daina biyan kuɗin gudummawarta a 2017, ta kuma yi barazanar ficewa. Faransa da Jamus suka jagoranci maido ta a Yunin 2019, wakilan Yukiren suka fice daga zauren cikin fushi. Cikin waɗanda suka roƙi kada a bar Rasha ta fita har da masu fafutukar kare haƙƙi na cikin Rashar, waɗanda suka fi kowa sanin halin gwamnatinsu. Hujjarsu ita ce fitar ba za ta taɓa Putin ba, waɗanda suke karewa ne za su rasa kotu.

Abin da suka ji tsoro ya faru bayan shekara uku. An kori Rasha daga majalisar a ranar 16 ga Maris na 2022, makonni uku da fara mamayar, kuma ita ce ƙasa ta farko da aka taɓa kora. Girka ta mulkin soja ta fice ne da kanta a 1969 kafin a kai ga haka. Zai yi wuya a ga yadda ƙungiyar za ta ci gaba da zama da mamban da ke ruwan makamai a kan wani mamba. Amma farashin ya faɗa kan mutum sama da miliyan 140. Tun kafin korar, a Disamban 2021, Kotun Ƙoli ta rushe ƙungiyar Memorial da ke tattara tarihin waɗanda Stalin ya hallaka. A Janairun 2023 aka rushe ƙungiyar Helsinki ta Mosko, wadda Orlov ya kafa. Navalny, wanda Strasbourg ta nemi a saki tun Fabrairun 2021, ya mutu a wani gidan yari da ke yankin ƙanƙara na arewacin Rasha a ranar 16 ga Fabrairun 2024.

Wannan labari ba baƙo ba ne a Afirka ta Yamma, inda a Agustan 2024 aka ga tutocin Rasha a hannun masu zanga-zangar tsadar rayuwa a Kano da Kaduna. Kotun ECOWAS da ke Abuja na karɓar ƙarar mutum ɗaya a kan gwamnatinsa. Ita ce a 2008 ta kama Nijar da laifin gaza kare Hadijatou Mani daga bauta, ita ce ta ce a saki Sambo Dasuki a 2016, gwamnatin Najeriya ta yi biris har Disamban 2019, ita ce kuma ta ce rufe Twitter da aka yi a 2021 ya saɓa doka. Lokacin da ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata a ranar 29 ga Janairun 2025, muhawarar ta fi karkata ga fasfo da haraji da takunkumi. Kaɗan ne suka yi maganar cewa ɗan Maraɗi ko Zinder ya rasa kotun da za ta saurare shi idan na gida suka juya masa baya.

A Rasha, abin da ya rage wa mai ƙorafi shi ne kwamitocin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Geneva, waɗanda ba su da hanyar tilasta wa gwamnati bin ra'ayinsu, da kuma mai bincike ta musamman da aka naɗa wa ƙasar, Mariana Katzarova, wadda Mosko ta ƙi bari ta shiga. Strasbourg na da hurumi ne kawai kan abin da ya faru kafin 16 ga Satumban 2022, kuma a ranar akwai ƙararraki sama da 17,000 a kan Rasha da ke jiran a duba su, ban da hukunce-hukunce fiye da 2,000 da ba a gama aiwatarwa ba. Kotun na ci gaba da zama a kansu. A Yulin 2025 ta ɗora wa Rasha alhakin kakkaɓo jirgin fasinja na MH17 a 2014, wanda mutum 298 suka mutu a cikinsa, da kuma jerin take haƙƙi a Yukiren. Rasha ba ta turo lauya ba, kuma tun Yunin 2022 ta yi dokar da ta ce ba za ta aiwatar da duk wani hukuncin da ya zo bayan 15 ga Maris na shekarar ba.